Yadda Na Je Bamenda Ɗauko Mutum Ɗaya Na Dawo da Biyu

Da sunan Allah nake farawa, kuma ina gaida duk wanda wannan magana ta iske. Tun ranar da na sauka daga mota na shigo Anguwan Rogo da ƙafafu a kumbure, ban huta da tambaya ba. Wannan ta zo barka da zuwa ta tambaya, waccan ta zo aron turmi ta tambaya. Ko gidan suna na je sai an ja ni gefe an ce, "Iya Tabawa, wai yaya ƙasar Kamaru take? Kuma wace ce matar nan da kika zo da ita, mai fita coci ranar Lahadi daga cikin gidanki?" Bakina ya gaji. Shi ya sa na zaunar da 'yata Asabe, tun da ita ta yi boko, na ce ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara mini magana. Duk wanda ya sake tambaya, a karanta masa.

Asalin tafiyar ɗana ne na fari. Waɗanda suka san ni sun san ba na kama sunansa, kuma ba yau zan fara ba. A Naraguta ya tashi, lokacin da mahaifinsa, Allah ya jiƙansa, yake haƙar kuza. Ya fara da bin mota, ya zama direba, hanya ta yi ta jan sa har ta ajiye shi a wani gari da ake kira Bamenda. Can ya auri 'yar ƙasar, sunanta Rajina, suka haifi 'ya mace, ya sa mata sunana. Ban taɓa ganin uwar ba, ban taɓa ganin 'yar ba. Bara wani falke ya kawo mini labarin rasuwarsa, ciwo ne na 'yan kwanaki. Na yi haƙuri, tun da Mai shi ya karɓi abinsa. Bana kuma saƙo ya sake zuwa, wai matar ta ce in zo, akwai magana a kan yarinya.

Ban ɓoye wa kaina komai ba. Yarinyar nan ita kaɗai ya bari a duniya, kuma ina son ta a ɗakina.

Da labari ya kai Kabong, sai ga Maman Ngozi. Ita Inyamura ce mai shagon zare da yadi, mun daɗe tare. Lokacin yaƙi da suka gudu, a ƙarƙashin gadona keken ɗinkinta ya zauna har ta dawo. Duk tsawon zaman nan ba ta daina ce mini "kai" ba, ni ma na gaji na daina gyara ta.

Ta ce, "Iya, za ka je inda babu Hausa, kuma ba ka san Turanci ko ɗaya ba. Zauna in koya maka."

Na ce, "Ni da haƙorana suka fara zubewa?"

Ta ce, "Ba da haƙori ake yi ba. Matafiyi tambaya kawai yake bukata. Ka ce, du yu go Ikom?"

Na faɗa. Ta ce in ce du yu sel wota, wato ko kana sayar da ruwa. Na faɗa. Ta ce in ce du yu want, wato ko kana so. Na ga kowace tambaya da wannan du take farawa, kamar akuyar da ke shiga gaban garke, sai na ce, "Ita wannan du ɗin mece ce fassararta?"

"Ba shi da fassara."

"To me ya kawo ta?"

"Haka Bature ya ajiye shi."

Asabe tana gefe tana tsince shinkafa, ta ce ai mutanen can Turancin kasuwa suke yi, ba ruwansu da du. Maman Ngozi ta ce ita makarantar mishan ta yi, ba za ta tura ƙawarta ƙasar waje da Turancin 'yan tasha ba. Sannan ta matso kusa da ni ta ce, "Ka ji sirrinsa. In tambayar banza ne, ka wuce shi da sauri. In da gaske kake, kana son abin da ke cikin cikin mutum, sai ka taka shi da ƙarfi kamar kana kashe kunama."

Na ce, "Mu a wurinmu in kana son abin da ke cikin mutum, sai ka sake tambayarsa. In ya ƙi ka bar shi ya kwana, ka aiko masa da wani."

Ta ce, "Wa yake da wannan lokaci?"

Na kwana ina juya abin. Kalma ba ta da ma'ana, amma wai ita ke ɗauke da gaskiya. Har yau ban gama gane shi ba.

Muka tashi tare da ita, don tana da ƙanwa a Ikom, garin da ke kusa da iyaka. Na fito cikin rigar sanyi da mayafi mai kauri kamar yadda kowa ke fitowa da safe a Jos. Da mota ta fara gangarowa daga kan dutse kunnuwana suka toshe, na zaci ciwo ne ya kama ni, na fara salati. Kafin mu kai Lafiya na jiƙe sharkaf da gumi, kuma babu wurin tuɓe rigar, don an matse ni tsakanin buhun dankali da wani soja mai barci.

A Makurɗi na ga kogin Binuwai. Ni da na saba da tafkunan kuza, ban san Allah ya tara ruwa haka a wuri ɗaya ba. Nan kuma na fara gwada Turancina. Na duba na ga ni duk tambayoyina da gaske ne, ban baro gida don wasa ba, saboda haka kowace du sai in taka ta. Na je wurin wani direba da ke tsaye yana kiran Ikom, Ikom, na tsaya gabansa na taka masa ita da ƙarfi. Mutumin nan ya daina kira, ya dube ni, ya hau faɗa yana nuna motarsa yana dukan ƙirji. Mutane suka taru. Maman Ngozi ta zo da gudu ta ba shi haƙuri, ta ja ni gefe.

Na ce, "Me na yi masa?"

Ta ce, "Ka ce masa maƙaryaci."

"Ni? Abin da kika koya mini na faɗa."

"Mutum yana ihu Ikom tun safe, kai kuma ka zo ka ce wai da gaske Ikom za shi?"

A nan kuma na gano wani aibin karatun namu. An koya mini tambaya, ba a koya mini jin amsa ba. In na tambaya sai a zubo mini magana kamar an buɗe famfo, ni kuwa in tsaya ina kallon bakin mutum.

Daga nan sai daji, itatuwa dogaye har ba ka ganin inda rana take, ka rasa gabas balle ka yi salla da natsuwa. A Ikom aka kai ni gidan wani mahauci Bakatsine, matarsa ta karɓe ni kamar uwarta. Ta kawo sakwara da miyar ganye, na ce na ƙoshi. Ta ce haba Iya. Na ce wallahi na ci a hanya. Ta ce ko loma ɗaya. Sannan na wanke hannu na cinye tas. Ku riƙe wannan, don shi ne cin abinci na ƙarshe da na yi cikin mutunci kafin in dawo.

Maman Ngozi ta raka ni har bakin iyaka, ta damƙa ni a hannun wani mai fataucin goro, Malam Garba. Iyakar gada ce a kan kogi, rataye da igiyoyin ƙarfe, in mota ta hau sai ka ji tana rawa. Da muka ƙetare na shirya Turancina, sai na ji jami'an can suna wani yare dabam, ta hanci. Malam Garba ya ce Faransanci ne. Ba wanda ya gaya mini akwai Turanci iri biyu.

Wani mai jar hula ya duba takardar da Asabe ta yi mini da katin allura, ya yi tambaya. Malam Garba ya ce, "Wai wurin wa za ki?"

Na ce, "Gidan yaron nan."

"Wai wane yaro?"

"Yayan Asabe."

"Iya, sunansa yake so."

Na sunkuyar da kai. Mai jar hula ya ce uwar da ba ta san sunan ɗanta ba, akwai abin da take ɓoyewa. Ya sa aka kwance ƙullin kayana a gaban jama'a: ga garin acha, ga kuka, ga ƙuli-ƙuli, ga 'yar riga da na sa tela ya ɗinka wa yarinya bisa kintace. Ya ɗauko daddawa ya kai hanci, ya ja da baya, ya kira ɗan'uwansa shi ma ya shinshina. Malam Garba ya yi ta bayani har ya gaji, ya juyo ya ce, "Iya, ki taimake ni, mota za ta tafi ta bar mu."

Na ce, "Ranar Lahadi aka haife shi."

Ya ce, "Ɗanladi?"

Na ɗaga kai. Asabe, ke kika rubuta, shi ya faɗa, ni ban faɗa ba.

Hanyar da ke hawa Bamenda kuwa, ita ma da nata hali. Ƙunci gare ta, dutse a dama, rami a hagu, mota biyu ba sa wuce juna. Saboda haka suka raba kwana: yau na masu hawa, gobe na masu sauka. Mun yi sa'a ranar hawa ce. Muka yi ta kafewa a laka, maza su sauka su tura, mata su yi addu'a kowa da yarensa. Can sai na ji kunnuwana sun sake toshewa, iska ta yi sanyi, na lalubo rigata. Na leƙa, ga duwatsu, ga ciyawa, ga mata da kwandunan dankali. Na ce wa Malam Garba, "Anya direban nan bai juyo da mu Jos ba?" Ya yi dariya ya ce mun iso.

Shi ya kai ni ƙofar gidan ya wuce. Wata doguwar mace siririya ta fito cikin baƙaƙen kaya, kanta a aske ƙwal. Ashe haka matan can suke zaman makokin miji. Ta rungume ni a tsakar titi tana kuka tana cewa Mama, Mama. Na tsaya ƙiƙam, don a wurinmu matar ɗa ba ta riƙe uwar mijinta haka. Kafin in farfaɗo sai ta juya ta ɗaga murya ta ce, "Tabawa."

Na ce, "Na'am?" Sunana tsirara a bakin matar ɗana, ko sakayawa babu.

Ashe yarinya take kira. Ta fito daga bayan ƙofa, ba ta wuce shekarun shiga makaranta ba. Goshinsa ne, wushiryarsa ce, har yadda take karkata kai in tana kallon baƙo.

A gidan akwai wani tsoho maƙwabcinsu, ana ce masa Pa Ndi. Ya yi aikin kuza a Bukuru tun zamanin Turawa, ya kwaso Hausar bariki, shi ma "kai" yake ce mini, kuma kowace mace "shi" ce a bakinsa. Shi aka kira ya yi mana tafinta. Mutumin kirki ne, aibinsa ɗaya: duk abin da ya shiga kunnensa sai ya fito ta bakinsa, ba ya rage komai.

To ni na yi abin da kowace kaka take yi in ta ga jika mai kyau, don kada baki ya kama ta. Na kau da kai na ce, "Wannan ce? Mummuna da ita. Dubi goshi kamar faranti. Wa zai kwashi wannan?"

Pa Ndi ya juya ya faɗa wa uwar. Na ga ta ja yarinyar ta manna a jikinta. Na ce a raina, kunya ce, tana da tarbiyya.

Da yamma ta shigo da abincinsu na girmama baƙo. Gwaza ce ake dakawa ta yi laushi, a yi rami a tsakiya a zuba wata miya rawaya mai kanwa, da yatsa ɗaya ake ci. Ƙamshi ya cika ɗaki, ni kuwa rabona da abinci tun Ikom. Ta durƙusa ta tambaye ni, na ji kalmar want a ciki, na gane. Na ce, "No, na ƙoshi."

Ta dube ni. Ta ɗauki kwanon ta fita.

Na gyara zama ina jiran ta dawo. Na ji ana wanke kwanuka. Na ci gaba da jira har na ji an rufe ƙofar madafa. Ranar ƙuli-ƙulina na ci da ruwa. Washegari haka, wanshekare haka: ta kawo, in ce a'a, ta ɗauke. Na rasa gane irin wannan rowa, a dafa abu mai kyau a nuna maka a tafi da shi. Ita kuma kullum fuskarta ƙara ɓacewa take yi, na rasa dalili. Yarinyar ko kusa da ni ba ta zuwa. In na miƙa mata ƙuli-ƙuli na ce zo nan mummuna, sai ta dubi Pa Ndi, shi kuma ya fassara.

Sai ranar magana ta zo. Muka zauna mu uku. Pa Ndi ya ce, "Ya ce mai gidan haya yana son ɗakinsa. Ya ce ya samu aiki a gonar ayaba can bakin teku, wurin ba a zuwa da yaro. Ya ce in kai ba ka ɗauka ba, kawunsa zai zo ya tafi da yarinya ƙauye. Yana tambaya, kana son yarinya?"

Zuciyata ta ce ɗauke ta ki gudu. Amma wace mace mai mutunci za a yi wa tayin 'yar wata ta ce kawo tun a karon farko, kamar dama abin da ta zo ƙwata ke nan? Na ce, "Ai 'yarta ce. Ni wace ce da zan raba uwa da 'ya? Ni gaisuwa na zo yi."

Ya faɗa mata. Ta ce, "Oke." Ta tashi ta fita.

Na ce to, yanzu za ta kwana ta sake zuwa. Ba ta zo ba. Na ce to za ta aiko tsohon nan. Bai zo da komai ba sai gaisuwa. Ina zaune ina kallo ta wanke kayan yarinya, ta shanya, ta ninke, ta zuba a kwali ta ɗaure da igiya. Na ce ko ni za a miƙa wa shi a tasha. Na yi ta kallon kwalin nan, ba wanda ya ce mini komai. Ƙuli-ƙuli ya ƙare. Na ga zama ba shi da amfani, na ce gobe zan koma.

Da safe Rajina ta durƙusa ta yi mini sallama a ƙofar gida, ba kwali, ba yarinya. Pa Ndi ya ɗauki ƙullina ya raka ni. Ina tafe ina jin kamar an sake kawo mini labarin rasuwa. Da muka isa tasha muka tarar babu mota ko ɗaya mai lodi. Ashe ranar masu hawa ce, tsohon ya ruɗe da lissafi. Muka juyo.

A hanya ya tsaya wurin mai gasa masara ya sayi biyu, ya ce, "Iya, za ka ci?"

Na ce, "A'a, na gode."

Ya sa ɗaya a aljihu ya kama cin ɗaya. Ina jin ƙarar haƙoransa. Ban san lokacin da magana ta ƙwace mini ba, na ce, "Wai ku mutanen garin nan, ba a koya muku sake tambaya ba ne?"

"A sake don me? Ka ce ba ka so."

"Wa ya gaya maka ba na so? Yunwa ta kusa kashe ni a garinku."

"To me ya sa ka ce a'a?"

"In ce e tun farko, a ce mayunwaciya ce? Kai da ka zauna a Bukuru, ba ka ga yadda ake yi ba?"

Ya ce, "A bariki in an ce ka ci ba ka ci ba, wani ya cinye." Ya fiddo masarar ya ba ni yana dariya, har yana share hawaye. Ya ce Rajina sabuwar tukunya ta saya saboda ni, ta je har unguwar Hausawa ta sayo naman yanka, ta yi ta kuka wai ina ƙyamar hannunta don ita Kirista ce. Yana cikin dariyar sai ya tsaya cak. Ya dube ni.

Ya ce, "To yarinya fa?"

Na kau da kai ina gutsirar masara.

Ya ce, "Mummunan nan da ka ce?"

Na ce, "Ka taɓa ganin yarinya mai kyanta?"

Ya dafe kai. Ya ce, "Iya, yau kawunsa zai zo. Ranar hawa ce."

Na ce ya yi sauri ya je ya yi mini magana, ya san yadda zai jera ta. Ya ce a'a, bakinsa ne ya kai zagin, bakinsa ba zai kai gyaran ba, ba za ta yarda ba. Sai dai ni da kaina. Ni da ban taɓa roƙon abu da bakina a gaban suruka ba, kuma da wane yare?

Muka tarar tana yi wa yarinya kitso a bakin ƙofa, kwali a gefe. Na wuce su na shiga madafarta, abin da ban taɓa yi a gidan wani ba. Na buɗe tukunya, na ɗebi gwazar nan da miya, na fito na zauna a ƙasa gabanta na ci da yatsa ɗaya yadda na ga suna yi. Miya tana zuba mini a hannu. Na cinye na miƙa mata kwanon na nuna tukunya. Ta tashi kamar mai mafarki ta ƙaro mini. Na cinye wannan ma.

Sannan na kwance ƙullina na ciro zane. Na kama yarinyar nan, kitso rabi a kwance, na ɗora ta a bayana na ɗaure. Ta yi girma da goyo, ƙafafunta har gwiwata, amma ba ta yi motsi ba. Na ji numfashinta a wuyana.

Rajina ta miƙe. Ta yi mini tambaya, ba ta bi ta kan tafinta ba, kuma a tsakiyar maganar na ji kalmar nan ta Maman Ngozi, an taka ta da ƙarfi. Ban san sauran ba, amma wannan na san ta. Na ce, "Yes." Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ta ce, "Gud. Gud, Mama." Tana murmushi, tana ɗaga kai. Ta ɗauko kwali ta ajiye a gabana. Na juya zan gyara goyo sai na ji abu ya riƙe ni. Na waiwaya. Hannunta ne a kan ƙafar yarinyar, ta kama ta ƙam, bakinta kuwa bai daina cewa gud ba.

Nan kaina ya sake ɗaurewa. An ce mini mutanen nan abin da ke bakinsu shi ke cikinsu. To wannan hannun fa na wane ne?

Na nuna yarinya, na nuna hanya, na nuna ta ita kaɗai a tsaye. Na tattara ɗan Turancin da nake da shi na taka shi yadda aka koya mini, na ce, "Du yu want?"

Murmushin ya tafi. Ta girgiza kai, ta durƙushe a wurin, ta kifa fuska a ƙafar 'yarta. Pa Ndi ya ce a hankali, "Ya ce tun da mijinsa ya mutu ba wanda ya tambaye shi."

Tambaya ɗaya ta rage mini, irin wadda nake yi wa direbobi. Na ce, "Du yu go Jos?"

Ta ɗago ta dubi Pa Ndi, ta dube ni. Ta yi magana mai tsawo. Ya ce, "Ya ce a'a. Ya ce shi ba Musulmi ba ne, ba ya jin Hausa, zai zame maka kaya." Ya ɗauki ƙullina, wai magana ta ƙare.

Na ce, "Ajiye. Wannan a'a ɗin na san irinta, a gidanmu aka haife ta."

Na sake tambaya. Ta ce no, amma muryar ta yi ƙasa. Na ce ya gaya mata ɗakin yaron nan yana nan a rufe, ba mai kwana ciki, kuma akwai coci a Kabong, ƙawata tana zuwa. Na sake tambaya. Ta dubi 'yarta. Na gyara tsayuwa da goyona, na ce ni ba inda za ni, hanya ma a rufe take sai gobe. Na sake tambaya.

Ba ta ce yes ba, kada in yi mata ƙarya. Tashi ta yi ta shiga ɗaki, muka ji tana jawo akwati daga ƙarƙashin gado. Da kawun ya iso da la'asar, abinci ya ci, aka yi masa bayani, ya yi 'yan ƙorafe-ƙorafensa ya kwana ya koma.

Dawowa ba ta da labari mai yawa. A gada mai jar hular nan ya gane ni, ya toshe hanci yana dariya. Da ya tambayi sunan uban yarinya, yarinyar da kanta ta faɗa masa da ƙarfi, na kau da kai ina kallon ruwa.

To kun ji yadda aka yi. Maman Ngozi tana ta yawo a Kabong tana cewa Turancinta ne ya yi aiki. Asabe ta ce ba Turanci ba ne, naci ne irin nawa. Ni ban sani ba. Har yau in an tambaye ni ma'anar du ba ni da amsa, kuma ban san ko ni na koyi halinsu ko ita ce dama take da namu ba. Rajina tana taya ni suyar ƙosai da safe, gashinta ya fara tsirowa, yarinya ta shiga makaranta, ta iya ce mini mummuna.

Abu ɗaya nake roƙon masu zuwa gidana. In Rajina ta kawo muku abinci, ku karɓa tun a karon farko, don har yanzu ba ta iya sake tambaya ba. In kuma kun ji ta ɗaga murya ta kira Tabawa, kada ku ce ba ta da kunya. Mu biyu muke amsawa.